Ruwa Ya Yi Gyara

Gonar shinkafar Inna, mahaifiyata, tana bakin gulbi, ƙasan Unguwar Lalle. Ita ce cinmu tun rasuwar babanmu. Duk daminar da gulbi ya cika, sai ya tsallake tsohuwar jingar ƙasa da ke tare ruwa ya kwanta cikin gonar. Mun kai kukan jingar nan har bakinmu ya gaji.

Wata shekara bayan girbi sai ga wata malama daga jami'a, da farin takalmi da robar ruwanta. Anka shimfiɗa mata tabarma ƙofar gidanmu, don Baffa, yayan babanmu, shi ka magana da yawun unguwa. Inna na bayan zana tana surfe.

Malama tac ce tambayoyinta biyu ne: waɗanne shekaru ambaliya ta ci mu, kuma a kowace shekara wa ke kujerar kansila, wace jam'iyya mazaɓarmu ta bi. Wai tana haɗa su ne ta gani ko agaji ruwa yake bi, ko ƙuri'a.

Kai! Ina ruwan gulbi da akwatin zaɓe? Ga shi kowa ya san ba mu bi masu mulki ba a zaɓen da ya wuce. Na ce a raina, wagga aiko ta anka yi, a tantance waɗanda za a mance da su. Na dubi Baffa, na ga shi ma ya sha mur.

"Baba, yaya ruwan bara?" in ji ta.

"Ruwa ya yi gyara," yac ce.

Amsar gaisuwa ce. Ko ɗakinka ya rufta cikin damina, in an ce maka ina ruwa, haka za ka ce, don ba a kushe rahama. Malama Bahaushiya ce, ta sani sarai. Ta yi dariya. "Baba, ba gaisuwa nake ba. Bara waccan fa?"

"Ya yi gyara, 'yata."

Haka sunka yi ta yi har inuwa ta kauce daga tabarma. Ta roƙe shi, ta rantse ba gwamnati ta aiko ta ba, tac ce abin da ba a faɗa mata ba, ba za ta iya rubutawa ba. Can bayan zana na ji taɓarya ta tsaya, sannan ta ci gaba. Da malama ta tafi, anka yi ta yaba wa Baffa da wayo, har da ni.

Daga baya munka ji an gyara jingar wani ƙauye ta wajen Gatawa. Su sun buɗe wa malamar baki. Amma kuma su masu mulki sunka zaɓa, to wa zai ce maka wanne ya yi aiki? Har yau ban yarda da matar nan ba, kuma abin haushi, ban da hujja.

Da damina ta zagayo, tamu jingar ta ɓalle gaba ɗaya, yashi ya binne gonar. Inna ta tattara kwanukanta za ta koma garin Isa wajen ƙanwata. Muna jiran mota bakin hanya, na ce, "Inna, ke da kinka ji komai ran nan, mi ya hana ki magana?"

Ta gyara ƙullin kayanta, ba ta ko dube ni ba.

"Gonar tawa ce," tac ce. "Cikinku wa ya leƙo ya tambaye ni?"