Muryar Malam a Wuri Uku

Har in koma ga Allah ba za ni manta da shekarar da ruwa ya ci ɗakin mahaifinmu a Sabon Birni ba. Malam, wato mahaifin namu, ya rasu ya bar mana kaset-kaset na tafsirin da yake yi duk azumi. Al'adar gidanmu kuwa, kayan karatu a hannun babban ɗa suke zama, ba su ƙetare zaure. Ni ne babba, don haka ni ke riƙe da makulli.

Ɗiyar ƙanena tana aikin kwamfuta a Abuja. Da ta zo Sallah ta roƙe ni in bari ta kwafe su.

“Baffa, mu wurin aikinmu ba mu yarda da na'ura guda. Komi muka aje, sai mun aje shi wuri uku masu nisa da juna, don mun san wata rana guda za ta mutu.”

Na ce, “Wato mugun fata kike wa ɗakina?”

Ta yi dariya. “Baffa, ɗakin ƙasa ne fa.”

Na yarda, amma da rowa. Yau in ba ta kaɗan, gobe in ce na gaji. Tana juye su a 'yan katin waya, ta aika ɗaya garin Isa wurin gwaggonta, ɗaya Unguwar Lalle wurin wani almajirin Malam, ta tura ɗaya can cikin na'urorinsu idan an samu sabis.

Da damina ta yi tsakiya, aka wuni ana ruwa. Bayan la'asar bangon ɗakin ya zauna. Muka tono kaset-kaset cikin laka, zarensu ya cuɗe. Na ɗauki guda ina gogewa da bakin rigata, kamar hakan zai yi wani amfani.

Na kira ɗiyar ƙanen nawa a waya ina tsammanin ta ce komi na nan. Sai ta ce akwai gyara. Saboda yadda na riƙa ba ta su gutsi-gutsi, kwafin ba su zo ɗaya ba. Na Isa ba shi da ƙarshen tafsirin. Na Unguwar Lalle ya fi cika, amma farkonsa ya lalace. Na wurinsu kuma sabis ya yanke shi a tsakiya.

“Kwafewa ba wuya, Baffa. Sa su zama daidai da juna, shi ne aikinmu kullum.”

Na hau babur da kaina na karɓo katunan. Ta zo ta jera su, abin da wannan ya rasa ta ɗauko daga wancan, har tafsirin ya cika. Ta kunna a tsakar gida. Sai ga Malam ya yi gyaran murya, ya katse karatu yana cewa a ba baƙi tabarma. Gwaggonta, wadda ta biyo ni daga Isa, ta rufe fuska da mayafi.

Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Na koyi cewa abin da kake tsoron rasawa, kada ka bar shi hannu guda, ko da hannunka ne. Yanzu duk wanda ya zo da katinsa, ni ke cewa a zuba masa.