Motar Ƙwai Ta Toshe

"To in ka ji ta ɗaga murya tana tsaye, fanka na ta juyawa, me kake yi?" Bakaniken ya tambaya daga ƙarƙashin motar.

"Kashe ta nake yi mana," in ji Kawu. "Ƙauri fa take yi. In zuba ido ta kama da wuta?"

Bakaniken ya jawo jiki ya fito, ya zauna a ƙasa yana goge hannu a wando. "Baba, kai ne ciwon motar nan. Wanka take yi, kai kuma kana ɗauke mata ruwa tana da sabulu a ido."

Kawu bai yi dariya ba. Ya dube ni kamar ni na faɗa.

Yayan mahaifiyata ne. Shekara ashirin da biyu yana raba ƙwai daga gonar kaji zuwa shagunan cikin gari, kuma masu shago ba su san shi da wani suna ba sai Lallaɓa. Yana hango rami zai rage gudu tun daga nesa, ya shiga da taya ɗaya, ya fita da ɗaya. Na baya su yi ta danna masa oda, shi kuwa sai ya ɗaga musu hannu ta taga. A kowane shago yakan kashe inji don kada ya ƙona wa maigida gas a banza. Kiret bai taɓa fashewa a hannunsa ba, kuma abin da yake taƙama da shi ke nan a duniya.

Tsohuwar motarsa hayaki take fesawa baƙi ƙirin, amma sun fahimci juna. Bara aka kawo wannan farar, mai kwamfuta. Bayan wata huɗu fitilar danja ta kunna a gaban sitiyari, ƙarfi ya tafi, mota ta koma jan ciki. Wannan ne karo na uku da aka kawo ta gareji, kuma manajan gona ya riga ya ce babu na huɗu.

Bakaniken ya kwance matatar hayaki daga jikin salansa, wata tukunyar ƙarfe mai nauyi, ya haska mana cikinta da tocilan. Ramuka ne ƙanana kamar saƙar zuma, duk sun cushe da baƙin gari.

"Ita take tare dattin hayaki," ya ce. "In ya taru, sai inji ya yi zafi sosai ya ƙone shi. Kai kuwa minti biyar ka tsaya, minti biyar ka kashe. Yaushe za ta yi zafi? Zan wanke ta yau. Amma duk mako ka hau babban titi, ka riƙe tamanin na rabin awa. Ka taka ta, Baba, ba amarya ba ce."

Kawu ya ce, "A fasa ta a zubar da cikin mana. Na ji wasu na yi."

"Masu duba motoci su kama ku? Manajanku ya ce ko kusa."

Ranar hutunsa na raka shi, motar babu kaya. Muka hau babban titi. Allura ta kai hamsin, ta kai sittin. Na ga jijiyoyin hannunsa sun tashi a kan sitiyari. Da muka doshi wata 'yar gada, ƙafarsa ta ɗaga da kanta.

"Kawu, babu ƙwai a baya fa."

"Na sani, ɗana. Ƙafar ce ba ta sani ba."

Sau uku muka je muka dawo, bai wuce sittin da biyar ba. A hanyar gida ya ce shi dai tunda yake bai taɓa jin an ce a gyara abu ta hanyar wahalar da shi ba.

Bayan mako uku danja ta dawo, a tsakiyar rabo, da kiret ɗari a baya.

Na same shi a gona washegari, zaune kan benci a bakin ofis. Manaja bai kore shi ba. Ya dai karɓi makulli ya ba wani sabon direba, shi kuma aka mai da shi ɗakin tantance ƙwai, inda ake ware manya da ƙanana a ƙarƙashin fitila.

"Ya ce wai hannuna ya dace da can," in ji Kawu. "Kada ka faɗa wa babarka tukuna. Ni zan faɗa mata."

Sabon direban ya gama lodi, ya buga ƙofar baya da ƙarfi. Kawu ya runtse ido. Motar ta fita ta ƙofar gona da gudu, ta daki kwalbatin bakin titi, muka ji kiret sun amsa daga ciki.

Wata mata ta leƙo daga ɗakin tantancewa. "Lallaɓa! Na safe sun taru fa."

"Ga ni nan," ya ce.

Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗauki farar rigar aikin da aka ba shi, wadda hannunta ya yi masa gajere, ya nufi ɗakin yana saka ta.