Zuwa Shagari Wanke Goggo daga Zargin Hauka

Mun tashi da asuba daga Boɗinga, ni da ƙanena tela, muna idar da salla. Shagari muka nufa, daga can mu yanki daji zuwa rugar da Goggo, wato yayar mahaifinmu, take aure. Ni ma'aikacin ɗakin hoto ne a wani asibiti a Sakkwato, kuma aikin nan nawa shi ya sa tafiyar ta faɗo kaina.

Goggo ta daɗe tana fama da ciki: kumburi, murɗa, yau gudawa, gobe kuma bayan gida ya ƙi fita. Farkon damina aka kawo ta wurinmu. Da hannuna na ba ta farin kunun nan mai kama da alli da ake sha kafin hoto, na ɗauki cikinta, ko da yake fim ya yi wuya a bana. Hoto ya fito fes, ba gyambo, ba ƙari. Likitan, wanda baƙo ne daga ƙasar waje, ya ce irin wannan ciwo yawanci tsakanin ƙwaƙwalwa da hanji yake, damuwa ke tayar da shi. Ina ɗakin duhu ina wanke fim a lokacin, sai tafinta ya gutsure wa 'yan rakiyarta maganar ya ce ciwon a kai yake. Kafin zancen ya kai ruga ya zama Goggo ta taɓu. Ana gobe za mu tashi labari ya iso gida cewa za a kai ta wurin wani mai maganin mahaukata, inda ake sa wa mutane mari. Ban yi shakkar abin da zan faɗa ba, don na ga hoton da idona, likitan kuma ya maimaita mini bayaninsa.

A tasha muka samu a-kori-kura ta ɗauko albasa daga Dingyaɗi, muka hau kan buhuna. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Direba ya ce kada mu ga laifinsa, mu dubi tayoyinsa. Muka duba kuwa, sumul suke kamar tafin hannu, sabuwar taya ta zama sai wane da wane. Hanyar tana da kwalta mai kyau, amma gonakin gefenta ba su da daɗin kallo. Ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya iya ƙirji, zangarniya kamar yatsa. Hotunan 'yan takara na nan manne a katangu, awaki sun cinye duk inda bakinsu ya kai, sai huluna suka rage. Ƙanena bai ga ko ɗaya ba. Shi ɗinkin rigunan fasinjoji yake bi da ido, yana raɗa mini wanda aka cuta.

Hantsi bai yi ba muka sauka Shagari. Gari ne da sunansa ke bakin rediyo kullum, tunda shugaban ƙasa ɗan can ne, amma mai shayinsa bai fi na Boɗinga madara ba: babu. Sukari ma da ƙaramin cokali yake aunawa, yana kallon idonka. Muka haɗa da masa mai zafi, ita kam ba abin da ya same ta. Wani mai jaki ya nuna mana burtalin da za mu bi, muka taka.

Tun daga nesa na san rugar ta canja. Da, kukan maruƙa ke tarbarka. Yanzu shinge ne fayau, da 'yan shanu da ba su cika yatsun hannu ba. Ciwon bushiya ya share garken. Mijin Goggo ya shimfiɗa mana tabarma, muka durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo har da ta asarar dukiya. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, tun da asibiti suka faɗi abin da suka faɗa an karɓe mata ƙwaryar nono, an hana ta kasuwa, ko jika ba a bari a hannunta.

Na shiga bukkarta. Ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu, amma idonta tar yake. Ta tambayi mahaifinmu, ta tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ba ta tsallake ko na goye ba.

"Ɗana, kai ka ɗauki hoton. Mi kag gani?"

"Ban ga komai ba, Goggo, cikinki lafiya lau."

"To mi ka cizo na? Ko ƙarya nika yi?"

Na ce mata ba ƙarya take ba, ciwon gaskiya ne, kuma a gaban kowa nake son in yi bayani. Aka tara mutanen gida a inuwar aduwa. Na tambayi mazan, ranar da malamin dabbobi ya duba bakin shanu ya ce bushiya ce, wane ne cikinsa bai ɗuri ruwa ba? Wani dattijo ya ce shi kam wunin ranar a bayan gari ya yi shi. Aka fashe da dariya, har matan da ke bayan zana. Na ce to wa ya kira shi mahaukaci? Kunne ne ya ji, kai ya ɗauka, ciki ya amsa. Naku ya kwana biyu ya wuce, na Goggo ya zauna. Abin da likita ya ce ke nan, bai ce hankalinta ya gushe ba.

Mijinta ya ce me ya sa ba a ɗauki hoton kan ba, a huta? Na gaya masa injina ƙashin kai kawai yake nunawa. Likita ya ba ni labarin wata sabuwar na'ura a Turai da ke nuna ƙwaƙwalwa yanka-yanka, kamar an yayyanka albasa, ba tare da an taɓa mutum da wuƙa ba. Ba mu da ita, kuma ita ma tsoka take gani, ba tunani ba.

Goggo ta ce, "Ba sai an kawo ta ba. Ku tambaye ni in gaya muku."

Ashe ba wanda ya taɓa tambayarta. Ta ce ciwon ya fara ne ranar da autanta ya kora ragowar shanu masu lafiya ya yi kudu da su, don kada su mutu. Har yau ba shi, ba saƙonsa. Duk lokacin da ta ɗaga ludayi sai ta ce ko ya ci, sai ciki ya murɗa. Mijinta ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana zane ƙasa da tsinke. Da ya ɗago sai ya ce a mayar mata da ƙwaryarta, maganar gidan mari kuma ta mutu.

Ba zan ce ta warke ba. Ta sha kunu kaɗan, bayan azahar cikin ya sake murɗawa a gabana. Amma ta yarda za ta koma wurin likita, da sharaɗin ni zan yi tafinta. Ƙanena ya karɓi rigunanta biyu zai rage musu faɗi. Ta ce ya rage ɗaya, ya bar ɗaya, tana da niyyar cika ta.

Da la'asar muka dawo Shagari, muka bi ta kara inda ake lodin shanu. Na bi direbobin kudu ɗaya-ɗaya na kwatanta musu yaron da tsagar fuskarsa, na ce duk wanda ya gan shi ya ce masa uwarsa ba ta cin abinci. Biyu sun ce kamar sun san mashayar da irinsu ke sauka.

Ana kiran magariba muka shigo Boɗinga, tufafinmu na warin albasa. Mahaifinmu na zaune a ƙofar gida bai shiga sahu ba, yana jiran mu. Da na ce masa yayarsa lafiyar hankalinta ƙalau, sai ya juya ya kabbara salla.

Abin da na ƙaru da shi a tafiyar nan bai da yawa, amma zai yi mini aiki. Shekara da shekaru magana biyu kawai nake gaya wa wanda ya tsaya gaban injina: kada ka motsa, riƙe numfashi. Tun da na koma aiki na ƙara ta uku, kuma ita nake fara yi. Ina tambayarsa me ya faru a gidansu lokacin da ciwon ya fara, sai in ja kujera in zauna.