Neman Hancin Babanmu daga Goronyo zuwa Rabah

Goronyo

Ƙarfe shida saura kwata, muna idar da sallar asuba, ni da ƙanena Nasiru muka shiga motar albasa mai zuwa Wurno. Hanci muka fita nema, kada mai karatu ya yi dariya tukuna. Bara, a gonarmu ta rani da ke ƙasan dam, hannun injin ban ruwa ya kufce wa Nasiru ya daki fuskarsa, karan hancin ya kwanta ya karkace. Likita a Sakkwato ya ce zai gyara, amma ba zai sa wuƙa ba sai ya ga yadda hancin yake a da, ta gaba, ta gefe, da ta ƙasa. Nasiru kuwa hoton katin shaida kaɗai gare shi, babanmu ma bai bar hoto ba, sai likitan ya ce a kawo hoton ɗan'uwa mai irin hancin.

Ba kwalliya kaɗai ta tashe mu ba. Innarmu idonta ya yi rauni, da hannu take gane 'ya'yanta, kuma Nasiru ne kaɗai ya ɗauko hancin marigayi babanmu, wanda take kira Malam. Tun da abin ya faru, in ta shafa fuskarsa sai ta janye hannu. Wannan janye hannun ya fi ciwon damunsa, ni ma yana ci mini rai.

A shingen hanya ɗan sanda ya dubi katin, ya dubi Nasiru, ya ce ba shi ba ne. Direba ya ce ai hancin muka fita nema, in mun samo za mu biyo mu nuna masa.

Wurno

Bakwai da rabi muka sami Baffa Haliru, ƙanen babanmu, a zaure cikin littattafansa. Muka sha kunu da ƙosai, ya gyara rawani, na ɗauke shi hoto gaba da gefe har na fara murna. Sai ya ce, "Kun yi ɓatan kai, ɗiyana. Wanga hanci na uwata na, ni da babanku uba ɗai munka tara. Ku tai Rabah wurin Gwaggonku." Haushi ya kama ni, na tambaye shi me ya hana shi faɗa tun farko. Ya ce so yake ya ga yadda ya fito a hoto.

Rabah

Muka isa ana kiran azahar. A tasha Nasiru ya hango wani Bafulatani mai hanci har baka, ya ce tunda dai gyara za a yi, ko wannan za mu ɗauka? Na ce in ya shiga gida da hancin aro, Inna shanunsa za ta tambaya.

Gwaggo Hajo, wadda suke ciki ɗaya da babanmu, ba ta yarda da hoto ko a bikin 'ya'yanta. Ta cika mu da tuwon dawa, da muka kawo zancen hoto ta ce ban da wannan magana. Sai Nasiru ya juyo mata da fuskarsa sosai. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Mi likitan ka biɗa?"

Gaba da gefe ba su ba ni wuya ba. Na ƙasan ne kunya ta rufe ni, wai ni ne zan kai waya ƙarƙashin hancin Gwaggo. Ta gane, ta ce, "Durƙusa kamar kana gaisuwa, ni in duba bisa kamar ina roƙon Allah. Dama shi nika roƙo." Haka aka yi.

Sakkwato

Washegari likita ya jera hoton Gwaggo da na Nasiru, ya ja layuka, ya auna tsayi da faɗi. Ya ce zai ɗan tsaga tsakanin ƙofofin hanci, ya miƙe ƙashin, ya ciro guringuntsi daga kunne ya tokare karan. Bai ɓoye mana ba, kama za a samu ba ainihi ba, kumburi kuma zai yi watanni. Aikin ya yi kyau, muka zauna gidan wani ɗan'uwa har aka cire abin da aka ɗaure hancin da shi.

Gida

Bayan la'asar muka sauka Goronyo. Nasiru ya durƙusa gaban Inna. Ta ɗora yatsa a goshinsa, ta gangaro a hankali har ƙarshen karan, ta koma ta sake. Hannun bai janye ba.

"Sannu da zuwa, ɗan Malam," in ji ta.

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da likita, da Baffa duk da wahalar da ya ba mu. Gwaggo ta aiko a goge hotonta, na kuwa goge, tunda ga shi nan a fuskar Nasiru.