Filin da Awakin Hajiya Suke Kwana

A shekarun da aka fara maganar intanet a Jidda ina aiki da wani kamfani da ya karɓi kwangilar binne waya. Wayar ta ƙarƙashin teku ta taho, ta fito a gaɓa, namu shi ne mu haƙa rami mu kai ta har ginin da za a jona ta. Ni ba injiniya ba ne, aikina na baki ne. Nakan je wurin masu filayen da ramin zai ratsa, in sha gahawarsu, in lallaba su su sa hannu. An ɗauke ni saboda a nan aka haife ni, Larabcin Hijaz na bakina, ga Hausar da kakata ta ɗura mini ko ina so ko ba na so.

Yawancin hanyar bakin titi ce, ta hukuma, ba ruwanmu da kowa. Amma a tsohuwar unguwar Ruwais akwai wani fili a bayan wani gida inda titi ya yi kwana, kuma in ba ta cikinsa aka bi ba sai an fasa kwalta an zagaye unguwa guda. Na tambayi Bayamalen da ke da shago a kusa wa zan gani. Ya ce in ga Hajiya, ya kuma yi wani murmushi da ban gane ba a lokacin.

Hajiya tsohuwa ce 'yar ƙarama, jikar mahajjatan da suka zo ta Sudan da ƙafa suka zauna. Awakinta ne ke kwana a filin. Na je da shugabana, wani injiniya Bamisire mai kaurin gashin baki da gajen haƙuri. Ya zauna ya yi mata bayani da Larabci, har da zane a ƙasa. Ta zuba masa ido kamar mai kallon ruwan sama, da ya gama ta juyo gare ni.

“Ɗan nan, me bawan Allah yake cewa?”

Na fassara. Ta tambayi abin da ke tafiya cikin wayar, na ce maganganun mutane ne, daga wata ƙasa zuwa wata. Ta riƙe haɓa ta ce ashe gulmar duniya ce za a bi da ita ta ƙarƙashin awakinta, su da ba su ji ba ba su gani ba. Ta ce za ta yi tunani, mu dawo gobe in Allah ya so. Muna miƙewa ta ambata, kamar ba da mu take ba, cewa na'urar sanyaya ɗakinta ta mutu, kuma zafi ba ya barin tsohuwa ta yi tunani.

Washegari injiniya ya tura mai gyara. Na bi shi don in ji ko tunani ya nuna. Ina isa bakin ƙofa na tarar da ita tana wanke Bayamalen nan tas a kan tumatirin da ya aiko mata, da Larabcin da ya fi nawa kaifi. Ta gan ni, ta kashe mini ido ɗaya, ta ci gaba. Ban faɗa wa injiniya ba. Na ga wasan ya fi daɗi a haka.

Daga nan kullum da abin da ke hana tunani. Tukunyar gas ta ƙare. Ƙyauren garken awaki ya karye. Ran nan kifi take sha'awa, aka ɗauke ta a motar kamfani zuwa kasuwar kifi, ta zauna a gaba tana nuna wa direba hanyar da ya sani tun kafin ya yi gemu. Ni kuwa ban yi asara ba, don duk zuwa sai ta ajiye mini tuwo da miyar kuka irin wadda rabona da ita tun rasuwar kakata. In injiniya ya zo sai in tsaya tsakaninsu ina tace magana. Ta ce gashin bakinsa ya isa share tsakar gida, na ce masa tana yi masa addu'ar buɗi. Ya ce tsohuwar nan za ta kashe shi, na ce mata yana tambayar lafiyar ƙafarta. Ita tana jin duka biyun, sai ta sunkuyar da kai kafaɗunta na rawa.

Da masu haƙa suka iso kwanar titin suka tsaya, injiniya ya ce halas, wato ya isa haka, yau za a yi ta ta ƙare. Ya zo da takardar yarjejeniya, ya ce in gaya mata ta kawo takardar mallakar filin a haɗa. Kafin in buɗe baki ta amsa masa da kanta, da Larabci garau.

“Wace takarda, ɗana? Ai filin ba nawa ba ne.”

Injiniya ya dube ta, ya dube ni, ya sake dubanta. Ta yi masa bayani a natse cewa da aka raba gado ita gida ta samu, filin na ƙaninta ne da ke unguwar Sa'alaba. Ta ce babu wanda ya taɓa tambayarta na wane ne, ko ta yarda kawai ake tambaya, ita kuwa ba ta saba amsa abin da ba a tambaye ta ba.

Muka shiga mota muka nufi can. Ƙanin dattijo ne da ya yi ritaya daga tashar jiragen ruwa, muka same shi a ƙofar gida yana gyara kujera. Mutum mai sauƙi. Ya saurara, ya ce ai aikin alheri ne, ya kawo takardar filin, ya karɓi biro. Har ya ɗora shi a kan layi sai ya ɗago.

“Yaya ta yarda dai ko?”

Na ce ba ta ce to ba tukuna. Ya rufe biron ya miƙo mini. Ya ce ita ta goye shi, kuma tun rasuwar mahaifinsu ko tsinke bai taɓa ɗagawa a filin nan ba sai da izininta. In ta ce to, ko cikin barci aka tashe shi zai sa hannu.

Injiniya ya fito ya jingina da mota, ya fashe da dariya har da hawaye. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar.

Muka koma Ruwais muka tarar ta dafa shayi, don ƙanin ya riga ya bugo mata. Ta ce ita fa tun ranar farko ta yarda, mu ne ba mu tsaya mun ji sharaɗinta ba. Jikarta, wadda ta gama karatun jinya, za ta yi aure, kuma a filin za a kafa rumfa. In an binne waya a baje mata wurin ya yi sumul, a kwashe duwatsun. Injiniya ya ce har fitilu zai ja mata. Da yamma ƙanin ya sa hannu.

Ranar biki muka je, aka zaunar da mu a ɓangaren maza, a kan ramin da muka rufe. Aka kawo shinkafa da naman rago. Injiniya ya ci ya ƙoshi, ya raɗa mini in koya masa yadda ake godiya da Hausa, yana so ya burge dattawa. Na ce ya dafa ƙirji ya ce “A ƙaro mini.” Ya maimaita har ya iya. Duk wanda ya gifta da faranti sai ya dafa ƙirji ya faɗa da ladabi, su kuwa suna ta tula masa, dattawa na yaba cin Misirawa. Sai da ƙanin Hajiya ya tausaya masa ya fassara. Garin gudu kada injiniya ya kama ni na bar takalmina ɗaya a rumfar, washegari da safe na koma na ɗauka.