Mai Kiwon Ɓeraye

A ƙarshen shekarun tamanin yayana ya zo hutu daga karatu a Faransa, ya tarar gari duk ya ɗauka wai kiwon ɓeraye yake yi. Ni na jawo masa. Ni na karanta wa Inna wasiƙarsa, na fassara da ɗan faransancin da na samu a lakwal, wato makarantar boko, na juya bincike a kan ɓera ya koma kiwo. A ƙauyenmu kusa da Illela kuwa, ɓera ɓarawon rumbu ne kawai. Har yau in na tuna dariyar matan bakin rijiya sai raina ya ɓaci.

Da hantsi Baba ya zaunar da shi a gindin dogon yaro, ya ce, "To, mi kake biɗa ga ɓera?"

Yaya ya ce a jikin ɓera, kamar namu, akwai ƙwayoyin da ke haɗa makamin yaƙi da cuta. Ba sa tashi aiki sai 'yan'uwansu sun aiko musu saƙo. Wani saƙon yakan sa su tsiro da sababbin kunnuwan jin saƙo, wani ya sa su rage. Abin da yake bincike ke nan.

Baba ya daɗe yana murza zangarniyar gero. "Gayya ke nan," in ji shi. "In mai ganga bai zaga ba, kowa na gida da hauyarsa."

Sannan ya waiwayo ya dube ni. "Ke kuma, ɗiyata, saƙo ya iske ki. Kunnuwan ne ba su tsiro ba."