Ƙafar Bangon Ladi

A Furana na taso, a ɗakin kakata, Iya. Idan an sha ruwan sama da yamma, ta kan hura wuta a kasko ta jera mana masara, mu jikokinta mu kewaye ta muna jira ta gasu. Sai ta gyara zama ta ce, "To, ga wata nan tafe, wa zai tare ta?" Mu ce, "Mu ne, Iya!"

Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma akwai guda da ba ta yi sai da damina, kuma ba ta dariya a cikinta.

Wai an yi wata mata Ladi, mai tsaftar da ko tuwo ya faɗi a tsakar gidanta sai a ɗauka a ci. Sau uku take shara a yini. Amma in ta kwashe, sai ta watsa ta kan katanga, ta faɗa bayan ɗakinta. Shara ta taru a gindin bango, ciyawa ta fito, rariya ta toshe. Da ruwa ya sauka ya rasa hanya, sai ya kwanta a wurin.

Nan Iya ke rage murya. "Sai bango ya ce, Ladi, ƙafata ta jiƙe. Ladi ta ce, wa ke ganin ƙafarka? Baƙi ta ƙofa suke shigowa."

Sau uku bango yana faɗa. A na huɗu bai yi magana ba. Ladi na murhu, jaririnta na barci a jikin bangon, sai ya zube.

Na taɓa tambaya, "Iya, yaron ya tashi?" Ta juya masara ta ce, "Ci abinki, sarkin tambaya. Ke dai ki share tsakar gida kullum, bayan ɗaki duk Juma'a. Da damina kuwa, duk ruwan da aka yi ki zaga ki duba."

Yanzu ina aure a Hunkuyi, ina goyon 'yata Amina. Ɗakinmu na ƙasa ne, gadonmu a jikin bango. Bara, bayan rasuwar Iya, na ba mahaifiyata labarin nan ina cewa na tuna tatsuniyar Ladi. Sai ta ce, "Ran Lahadi aka haifi kakarki. Ina da wa, ban taɓa ganinsa ba."

Tun ranar, in hadari ya haɗu sai in kalli bangonmu. Da ruwan farko na bana na sa hijabi na zaga baya, na tarar rariyarmu cike da leda da ɓawon rake, gindin bangon ya yi duhu da laima. Da hannu na kwashe. Maigidana ya leƙo ya ce, "Maman Amina, mutane za su ce ba namiji a gidan nan." Na ce, "Su faɗa. Taɓa nan ka ji." Ya taɓa, yatsansa ya nutse. Washegari ya kwaɓa ƙasa ya yi yaɓe.

Ban yi karatu mai nisa ba, amma na gane abin da ya sa Iya ba ta amsa mini. Shekara da shekaru tana ba mu labarin ɗanta, tana gasa mana masara. Duk Juma'a idan na ɗauki tsintsiya na zaga baya, ina yi wa yaron addu'a, ko sunansa ban sani ba.